Irin Dawa a Adakar Ilu

Duk wanda ya saba ratsa lungunan Jakara zuwa Kasuwar Kurmi da hantsi ya san Ilu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan siriri da ke tafe da dila a ka, yana neman a ba shi hanya da murya ƙasa-ƙasa kamar shi ya yi wa mutane laifi. Sauran 'yan dako sun koma tura baro da kura tun tuni. Ilu bai koma ba, Kurmi kuma ta rufa masa asiri, domin tana da lungunan da baro ba ya shiga sai ya karce wa mutane ƙwauri, to nan ne kasuwarsa. Tsakiyar kansa sanƙo ne fes, ba na gado ba, na kaya. In 'yan kasuwa sun tsokane shi sai ya ce gashin ne ya ga wahala ya gudu, shi kuwa bai sami hanya ba.

Ba ɗan birni ba ne. Daga Marken Dutse ya fito, wani ƙauye can kudancin Kano da ya jingina da daji, inda ƙasa tsakuwa ce zalla, fartanya ba ta daɗewa a hannun mutum. Ci-rani ya kawo shi tun gemunsa bai fito ba. Goni Mustapha, wani malami da kakanninsa suka zo daga Barno suka zauna a Jakara, shi ya gan shi yana kwana a bakin masallaci, ya ba shi ɗan shagon da ke jikin zaurensa. Da Goni ya rasu, matarsa Hajiya Kaltume ta ce wanda Malam ya saukar ba mai tashinsa. Haka Ilu ya tsufa a shagon nan, da tabarmarsa da butarsa da wata tsohuwar adaka mai kwaɗo.

Abin da ya bambanta shi da sauran 'yan ci-rani shi ne ajiyar da yake zuwa da ita. A Marken Dutse akwai wata dawa da ba a samunta ko'ina, ana kiranta 'yar Gwadabe, da sunan kakan su Ilu. An ce shi ya tsinto ta a wata gonar da aka yasar a gindin dutse, ya yi ta zaɓen zangarniyar da ta fi kyau shekara da shekaru, har ta zama abin da ta zama. Ba ta da wani kyan gani. Gajera ce, ƙwayarta ja-ja, kanta kullum a sunkuye. Amma tana yi a tsakuwar da ko kaura ba ta yarda ta zauna, ciyawar ƙuduji ba ta cin ƙarfinta, in ruwa ya ɗauke da wuri kuwa ita ta riga ta gama abin da ya kawo ta. Tuwonta yana kwana bai saki ba, ɗumamensa ya fi na jiya daɗi. Mutanen garin ba su da wani abin taƙama sai ita, don haka suke taƙama da ita har su gundure ka.

Gwadabe ya ga gobara a zamaninsa, wutar daji ta taɓa cinye masa rumbu da irin da ke ciki, sai da ya bi maƙwabta roƙo. Tun daga nan ya kafa wa gidansa doka. Kowace kaka in an zaɓi iri, a ware ɗauri guda a ba wanda zai tafi ci-rani, ya je da shi nesa da daji, ya rataye shi inda hayaƙin girki zai riƙa bugunsa saboda ƙwari. In ruwa ya sauka ya dawo da shi a shuka, kaka ta zo a ba shi sabo. Tsohon ya fi nanata wannan na ƙarshen, wato kada a kuskura a bar iri ya tsallake damina bai shiga ƙasa ba.

Da kawunsu, wanda ke kai ta birni a da, ya daina tafiya, ajiyar ta faɗo hannun Ilu, kuma ya riƙe ta da gaske. Yana sauka a Jakara zai yi sallama a madafin Hajiya Kaltume, ya taka turmi, ya rataye ɗaurin a jikin azara daidai saitin murhu. Ita kuma ba ta taɓa barinsa ya sauko lafiya ba. Takan ce ga Malam Ilu ya kawo amaryarsa ta zo ta tare mata wurin busasshiyar kuɓewa, ba ta tsinana komai sai shan hayaƙi. Shi dai dariya kawai yake yi. Kafin bazara ɗaurin ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, hadari na farko yana haɗuwa ya sauke shi, ya kama hanyar gida.

Haka abin ya tafi har shekarar da matarsa Khadijat, wadda kowa ke kira Dije, ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa. Ilu ya karɓi ajiyar shekarar ya dawo Kano tun ba a gama sussuka ba. Damina ta zo, ya ce ƙugunsa ke ciwo. Ta sake zagayowa, ya ce hanya ba lafiya. Gaskiyar magana ba ya son ganin ƙofar ɗakin Dije ne. Daga baya kuma wata kunya ta hau kan wannan, kunyar mutumin da ya daɗe a birni zai koma gida hannu rabbana, kuma irin wannan kunyar kowace shekara ƙara nauyi take. Ya bar wa wansa Ɗayyabu gonarsa. Zumunci ya koma na waya da saƙon goro in an sami mai zuwa.

Ɗayyabu ya tambaye shi, a farko-farko, ko a aiko da sabon ɗauri ya maido tsohon. Ilu ya ce me za a wahalar da ɗan saƙo, ai na wajensa lafiya lau yake, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa shi ba. Ɗayyabu ma abin ya yi masa daɗi, an rage masa aiki. Su biyun nan jikokin Gwadabe ne, sun ji dokar da kunnensu, amma sai suka riƙe rabinta, rabin da ba ya sa kowa hawa mota. A Marken Dutse kuwa maganar ta zauna daram. In baƙo ya tambayi me ya sa suke jibge iri duka a rumbu ɗaya ga daji a bayan danga, sai su ce ai irinsu yana birni wajen Ilu.

Ana nan sai 'ya'yan Goni suka yi arziki daidai gwargwado, suka ce uwarsu ta gama shan hayaƙi. Aka rushe tsohon madafi, aka yi kicin na bulo, aka kawo tukunyar gas. Har shagon Ilu ya sami rabonsa, aka cire azara aka buga masa kwano, ya yi ta godiya. Sai dai ajiya ta rasa wurin rataya. Ya zauna ya yi tunani, ya ga a birni abin da ake ji da shi ba a barinsa a fili. Kullum yana ganin masu shadda da masu turare, leda suke naɗe kayansu su kulle a akwati. Sai ya karkaɗe wa ɗaurin kunkunniya tas, ya samo leda mai kauri sabuwa fil, ya naɗe, ya ƙara wata a kai, ya ɗaure bakin tam, ya kwantar a ƙasan adaka ya danna kwaɗo. Shi a ganinsa girma ya yi wa 'yar Gwadabe. Wanda ya taɓa shiga shagon kwano a Kano da tsakar rana a watan bazara ya san abin da ke faruwa a cikin adakar ƙarfe. Ilu bai sani ba, domin a wannan lokacin yana Kurmi da kaya a ka.

Ran Juma'a in ya dawo masallaci yakan buɗe ya duba. Zangarniyoyin suna nan yadda suke, ja-ja, ƙwaya a cike, ba huda ba gari. Sai ya shafa su ya mayar. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, ba shi da gona, amma yana da wannan, kuma saboda ita yake ganin har yanzu shi mutumin Marken Dutse ne mai aiki a hannu, ba wanda ya ɓace a birni ba.

Shekarar da wuta ta ci Marken Dutse an yi ruwa sosai, ciyawar daji ta fi mutum tsawo. A da, da zarar ruwa ya ɗauke, mazan garin sukan yi gayya su share kewayen gari, su ƙona gefen daji tun ciyawa da sauran danshi, don in wuta ta zo ta rasa abin bi. Yanzu wa zai yi? Samari ba sa jiran a gama girbi, wannan ya tafi haƙar ma'adinai, wancan ya tafi haya da babur. Dattawa suka ce sai an gama sussuka a duba. Wa ya kunna wutar, har yau ba a sani ba. Manoma sun ce makiyaya ne, makiyaya sun ce masu gawayi ne, masu gawayi sun ce masu farautar gafiya ne. Wutar dai ba ta tsaya jin shari'ar ba.

Ilu a wayar wani mai yadi ya fara gani. Ya sauke masa dila ke nan, ya tarar da mutane sun taru a kan hoton wani gari yana ci, ana ta salati. Ya leƙa ta kafaɗar wani. Hayaƙi ya rufe komai, amma da iska ta ɗan yaye shi sai ga dutsen, da tsagin nan nasa da suke hawa suna yara. Ya zauna a kan dilar mutane, abin da bai taɓa yi ba. Ya yi ta kiran wayar wansa ba ta shiga. Sai washegari da hantsi aka ɗauka.

"Yaya, kuna raye?"

"Muna raye, Ilu. Mu dai muna raye."

Ɗayyabu ya ba shi labari da wata murya shimfiɗaɗɗiya, kamar yana faɗin abin da ya sami wasu. Bayan azahar wutar ta zo, da iska a bayanta. Ta tsallake rafi kamar babu shi, ta kama karan gonaki, ta kama dammunan da ke jibge a masussuka, ta hau danga, daga nan sai jinka zuwa jinka. Mutane suka hau dutse da abin da ke jikinsu. Wani tsoho makaho bai fita ba, wata mata ta koma kwance awakinta ita ma ba ta dawo ba. Ba garinsu kaɗai ba, duk ƙauyukan da ke wannan ɓarin na daji haka ta bi su. Abin da ya fi ci masa rai, in ji shi, rumbuna. Ba su ƙone lokaci ɗaya ba, a hankali suke ci, garin duka yana ƙamshin gasasshen hatsi, yara suna kan dutse suna kukan yunwa. Daga nan ya jefo tambaya.

"Ajiyar nan tana nan ko?"

"Tana nan, Yaya."

"To alhamdu lillahi. Ka riƙe ta da kyau, ita kaɗai ta rage."

Kunya ce a faɗa, amma a cikin baƙin cikin nan Ilu ya ji wani ɗan daɗi ya ratsa shi. Shekaru yana zaune kamar wanda aka manta, yau gari guda yana kallon shagonsa.

Ba a jima ba mutanen yankin suka fara ɓullowa a Jakara. Ba samarin ci-rani da aka saba gani ba, magidanta ne masu furfura, waɗanda a da ba abin da zai raba su da gida da rani. Suna kwana a barandar masallaci, da safe su tsaya bakin Kurmi suna kallon kaya ba su san yadda ake neman dako ba. Iyalansu suna can a ajujuwan wata makarantar firamare. An kai musu tabarmi da shinkafa, an kuma yi musu alkawarin irin zamani, wanda kowa a cikinsu ya san ba ya yi a tsakuwa sai an ɗura masa takin da ba su da halin saye. Duk wanda ya zo daga Marken Dutse sai ya nemi shagon Ilu ya gaishe shi, har da waɗanda suka girme shi. Wata Juma'a suka roƙe shi ya nuna musu. Ya buɗe adaka, ya warware leda, ya ɗora ɗaurin a kan tabarma. Wani ƙato da ko lokacin da ya rasa shanun huɗarsa bai zubar da hawaye ba, ranar ya juya fuska bango yana share ido.

A cikinsu akwai wani dattijo, Malam Auwalu, sa'an Ɗayyabu. Shi ya jira sai da aka gama murna. Ya ɓalli ƙwaya ɗaya ya sa a haƙori, ya tauna, ya daɗe yana kallon ledar.

"Wannan na wace kakar ne, Ilu?"

Ilu ya buɗe baki, sai ya ga amsar ta yi nisa. Na shekarar da Dije ta rasu ne, kuma yaran da aka haifa a shekarar sun isa kiwo. Malam Auwalu bai jira ya ji ba. Ya ce Allah ya sa albarka, ya ɗauki takalmansa. Ranar ce maganar Gwadabe ta dawo wa Ilu gaba ɗayanta, har da rabin da suka zubar, kuma tun daga ranar tsoro bai sake shi ba.

Ya samo wani fasasshen kasko a bayan gida, ya cika shi da ƙasa da ɗan kashin awaki, ya ɓalli ƙwayoyi kaɗan ya binne, ya ajiye a lungun da ke bayan zaure inda rana ke leƙawa. Safe da yamma yana zuba masa ruwa daga butarsa. Shi manomi ne, ya san dawa ba ta da nawa, in za ta fito ba ta sa mutum dogon jira. Ya jira iya jiran da ya kamata, ya ƙara. Wani ɗan kore ya ɓullo, ya yi murna, da ya buɗe ganye sai ga shi ciyawa ce ta zo a cikin taki. Ya tona da yatsa, ya tarar da ƙwayoyin sun kumbura sun ruɓe. Ya ce ƙasar ce ba kyau. Ya je har gindin ganuwa ya ɗebo wata, ya zaɓi ƙwaya daga tsakiyar zangarniya mafi girma. Ita ma haka.

Hajiya Kaltume tana ganinsa yana zirga-zirga da buta. Da farko ta fara tsokanarsa ko noman rani ya buɗe a kasko, a ajiye mata zakka. Da ta ga fuskarsa sai ta bar wasan. Ta ce ya ba ta cikin tafi ɗaya, ita ta san yadda ake fitar da tsiron hatsi don kunun zaƙi, in akwai rai a ciki sai ya nuna. Ta jiƙa, ta tsane, ta shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu, ta lulluɓe a wuri mai duhu tana yayyafa ruwa. Don kada a ce hannunta ne, ta jiƙa dawar gidan a gefe guda. Ta gidan ta fito da fararen saiwoyi cunkus. Ta Ilu ta yi yauƙi, ta fara tsami. Ta kira shi tsakar gida ta buɗe masa buhunan biyu, ba ta ƙara da komai ba sai cewa ya yi haƙuri. Daga baya an ji tana faɗa wa jikokinta, da ta san haka ne da ta bar murhu ɗaya a tsakar gida ko 'ya'yanta za su yi fushi. Amma ita ma ta san ba hayaƙi kaɗai ba ne, irin ya gaji da jiran ƙasa.

Ilu ya daina zuwa Kurmi sosai. Sai ya hau mota ya fita ta Ƙofar Dawanau zuwa kasuwar hatsi, ya yi ta bin rumfuna yana cusa hannu a buhuna. Duniyar dawa ce a wurin, kaura da farfara da wasu da bai taɓa gani ba, tirela na shiga tirela na fita. Yana tambaya ko an taɓa kawo wata gajera ja-ja daga wajen Marken Dutse. Dillalai suka ce Baba, mu nan launi muka sani da mudu, ba mu san sunan kakan kowa ba. Ba ƙarya suka yi ba. 'Yar Gwadabe ba ta taɓa zuwa kasuwa ba, masu ita ci suke yi, ba ta isa a sayar. Ɗayyabu ma ya aika gidajen da aka aurar da 'ya'yansu mata, wasu wutar ta bi ta kansu, wasu sun daɗe da komawa masara.

Kullum Ilu yana cewa yau zai faɗa wa wansa, kullum in wayar ta shigo sai Ɗayyabu ya riga shi da labarin mutanen gari. Sun share wata 'yar gona kusa da rijiya. Sun kewaye ta da ƙaya. Sun yi shawara ba wanda zai ci ko ƙwaya ɗaya daga abin da za ta bayar bana, duka iri za a raba gida-gida, baɗi kowa ya shuka. Gidaje da yawa da suka ɗaura niyyar tashi sun fasa saboda haka, sun fara yaɓa ɗakuna. Ta yaya mutum zai katse irin wannan magana? Sai Ilu ya ce Allah ya taimaka, ya kashe waya, ya zauna ya yi tagumi. Ya rame har gammo ya fara yi masa nauyi. Ya sani sarai duk ranar da ya ƙara yana ƙara wa mutane asara ne, sanin kuma bai ba shi ƙarfin faɗa ba.

Da gajimare ya fara taruwa a gabas, Ɗayyabu ya ce ba zai ba ɗan saƙo wannan ba, da kansa zai zo. Ya iso da la'asar cikin wata riga da ta yi masa yawa, da gani ta taimako ce, ga tabon ƙuna ya bi damtsensa har wuyan hannu. 'Yan'uwan suka daɗe riƙe da hannun juna, kowa yana mamakin tsufan ɗan'uwansa. Ya shiga ya gaida Hajiya, ya yi mata godiyar riƙon amana, ita kuwa ta kasa ɗaga ido. Da suka dawo shago ya zaro wani farin ƙyalle a ninke daga aljihu. Ya ce matan garin ne suka haɗa suka saya, suka wanke, suka ce a ciki za a naɗo ta.

Ilu bai buɗe adaka ba. Ya ce Yaya zo ka gani. Ya kai shi lungun bayan zaure, inda kasake suke jere, kowanne da busasshiyar ƙasa ba ko tsinke. Ɗayyabu manomi ne, bai buƙaci bayani ba. Ya tsuguna ya tona ɗaya, ya murje abin da ya samu a tsakanin yatsu, ya shinshina.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun sanyi bai wuce ba, Yaya."

"Ka bar mu muna yaɓa ɗakuna."

Iyakar faɗan da ya yi masa ke nan. Da ma ya zage shi, da ya fi sauƙi. Ya daɗe a tsugune, sannan ya dafa bango ya miƙe, ya ce shi ne babba, shi ya kamata ya matsa a kawo ta tun tuni, bai matsa ba. Suka koma shago suka zauna har aka kira magariba.

Da safe Ɗayyabu ya ce a fito da abin da ya rage a ba Hajiya, hatsi ne, bai kamata ya lalace a banza ba. Ta sussuke shi da kanta a turmi, ta surfa, ta daka, ta dama musu kunu, ta aiko a kwano ɗaya da ludayi biyu. Ilu ya ɗauka, yana fatan ko ba komai ya ji ɗanɗanon gidan uwarsu sau ɗaya. Warin leda ya ji, da wani ɗaci-ɗaci na abin da ya tsufa. Ɗayyabu ya kurɓa, ya juya a baki, ya ce ko a baki ma ba ita ba ce. Duk da haka suka shanye tas, domin ba a zubar da abinci.

Ilu ya raka shi tasha. Suna tsaye ana lodi ya tambaye shi abin da zai gaya wa mutane. Ɗayyabu ya ce gaskiya zai gaya musu, wanda ke da inda za shi ya tafi tun ruwa bai sauka ba, tsakuwar nan ba za ta ciyar da kowa da irin aro ba. Shi da tsofaffi za su zauna, don ba su da ƙafar tafiya. Ya sa ƙafa ɗaya a mota, sai ya tuna, ya zaro farin ƙyallen nan ya miƙa masa.

"Riƙe wannan, ba zan iya mayar musu da shi ba. Za su zo maka da yawa, Ilu. In sun zo ka nuna musu yadda ake naɗa gammo."

Sun kuwa zo. Damina ta sauka a Marken Dutse ta tarar da gonar bakin rijiya a kewaye da ƙaya ba kowa a ciki. Yanzu in ka ratsa Jakara da hantsi za ka ga Ilu a gaba da dilarsa, a bayansa wasu magidanta suna tafe da kaya a ka, wuya na rawa, ba su iya ba tukuna. In an tsokane shi a kan sanƙo kuma, ba ya amsawa. Gammonsa na farin ƙyalle ne, ya fara komawa ruwan ƙasa.